Kowa Na Cin Nama, Su Suna Busa Ƙaho

Masu karatu, a ƙasar Amurka akwai wata al'ada ta ran Asabar wadda ba kowa ya san ta ba. Tun daga ƙarshen watan Agusta har ƙarshen Nuwamba, jami'o'in ƙasar su kan kara da juna a wasan ƙwallo. Garin da za a yi wasan ya kan cika maƙil da baƙi. Filin wasa na Jami'ar Mishigan shi kaɗai yana ɗaukar mutum 107,601. Amma tun ba a buɗe ƙofar fili ba, an riga an soma wani biki a waje, a wurin ajiye motoci. A tsakiyar bikin nan kuwa za ka tarar da waɗansu samari da 'yan mata cikin kayan fareti, suna busa, suna kiɗa, zufa na zuba. Su ne 'yan badujalar jami'a. Labarinsu mu ke so mu kawo muku a wannan wata, gama akwai abin koyi a cikinsa, akwai kuma abin tsoro.

WANE IRIN ƘWALLO NE?

Kada ku ɗauka irin namu ne. Ƙwallon Amurka ya fi kama da zari-ruga. Siffarsa kamar ta ƙwai, yawanci kuma da hannu a ke riƙe shi, a ruga da shi, ko a jefa wa ɗan'uwa. Kowane gefe mutum 11 ne. Tsawon fili yadi 100 ne, da ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe. Wanda ya kai ƙwallo cikin wannan ƙarshen ya ci wa jami'arsa maki 6. A kan raba wasan kashi 4, kowane kashi minti 15, amma saboda yawan tsayawa ya kan ci awa 3 ko fiye.

Wasan farko tsakanin jami'o'i an yi shi ran 6 ga Nuwamba, 1869, tsakanin Rutgers da Princeton. Rutgers ta ci 6 da 4. Tun daga lokacin abin ya yi ta girma, har ya zama kowace babbar jami'a tana da wasa wajen 12 a shekara, 6 ko 7 daga ciki a gida. Ranakun nan na wasan gida su ne ranakun biki.

LIYAFAR BAYAN MOTA

Ku dubi a-kori-kura. A bayanta akwai marfi wanda a ke saukarwa in za a yi lodi. Da Turanci sunan marfin nan telget, kuma daga gare shi bikin ya sami suna. Mutane su kan zo tun da sassafe, su tsai da mota, su sauke marfin ya zama tebur. Sai a kafa rumfa, a hura gawayi, a shiga gashin kaji da haƙarƙari. Waɗansu har da janareto da talabijin su ke zuwa. Kaka da jikoki, tsofaffin ɗalibai da sababbi, duka a wuri ɗaya. Akwai iyalan da su ka yi shekara da shekaru suna kafa rumfarsu a gurbi guda. Baƙo ma in ya biyo, da wuya a bar shi ya wuce ba a miƙa masa faranti ba.

Kowace jami'a da irin tata. A Jami'ar Misisipi akwai wani fili mai itatuwa, eka 10, a tsakiyar makaranta. Yanzu ba a shiga da mota, sai rumfuna jere reras, mutane kuma su kan ci ado kamar masu zuwa ɗaurin aure. A Jami'ar Tenesi filin wasa yana bakin kogi. A 1962 wani mai ba da labarin wasa a rediyo, George Mooney, ya gaji da cunkoson motoci, sai ya zo cikin ɗan jirginsa na ruwa. Mutane su ka kwaikwaye shi. Yau jiragen ruwa masu yawa su kan ɗaure a gaɓar, a yi liyafar a kan ruwa.

Kiɗa iri biyu a ke ji a wurin. Akwai makaɗan gari masu gita da lasifika, waɗanda a ke ɗauka haya su yi wasa a kan dandamali ko a bayan babbar mota. Akwai kuma badujalar jami'ar, wadda ita ce jama'a su ke jira. Da an jiyo ganguna daga nesa, sai ka ga an ajiye cokula, yara sun ruga, tsofaffi sun miƙe.

MAFARIN ABIN

Duk wanda ya taɓa ganin faretin soja ko na 'yan sanda ya san badujala. Ta jami'o'in Amurka ma daga soja ta samo asali, gama a dā jami'o'i da yawa suna koya wa ɗalibai maci. Badujalar Notre Dame tana cikin mafi tsufa. Ta yi busa a wasan ƙwallo na farko na makarantar, a 1887. A 1907 'yan badujalar Purdue su ka fasa sahun soja, su ka jeru a fili su ka fitar da siffar harafin P. Daga nan aka shiga rubutu da zane da jikin mutane.

Wanda ya fi suna cikin irin wannan shi ne na Jami'ar Jihar Ohayo, wanda aka soma a 1936. 'Yan badujala su kan bi juna sahu ɗaya, suna busa, suna lanƙwasa kamar alƙalami a kan takarda, har su rubuta sunan jiharsu a fili. A Turance akwai harafin i cikin sunan. To, mutum ɗaya ne ya ke fita ya tsaya ya zama ɗigon harafin, ya cire hula ya rusuna, fili kuwa ya ɗauki sowa. Ba kowa a ke ba wannan girma ba, sai mai busa babban ƙaho wanda ya kai shekara ta 4 a ƙungiyar. Ku duba fa: shekara 4 na wahala, domin tsayuwar da ba ta kai minti ɗaya ba.

YADDA RANAR TA KE TAFIYA

Aikin ɗan badujala ya kan soma tun cikin Agusta, kafin sauran ɗalibai su dawo hutu. A kan tara su mako ɗaya ko biyu, daga safe har dare, ana koyon taku da busa. Taku ma a aune ya ke. A yawancin ƙungiyoyi taku 8 ne a kowane yadi 5, wato kowane taku inci 22 da rabi. Wanda ya ƙara ko ya rage ya karkatar da sahu. Sa'ad da aka koma karatu kuma, sai gwaji da yamma kusan kowace rana, gama a wurare da yawa kowane wasan gida da sabon zanensa da sababbin waƙoƙinsa.

Ran Asabar, tun masu liyafa ba su gama hura wuta ba, 'yan badujala suna fili suna gwajin ƙarshe. Bayan haka a sa kaya. A jami'o'i da yawa a kan rarraba su ƙungiya ƙungiya, mutum 20 ko 30, su bazu cikin motoci da rumfuna. Su tsaya a nan su yi waƙar makaranta da wata gajeruwa ɗaya ko biyu, su matsa gaba, su sake tsayawa. Haka za su yi ta zagayawa har lokacin haɗuwa ya yi.

Daga nan sai babban taro. A Notre Dame masu ganga su kan taru tun tsakar daren Jumma'a su yi da'ira su kaɗa, ran Asabar kuma dukan ƙungiyar ta tsaya a matakalar wani gini ta yi wa jama'a wasa. A Ohayo gwajin ƙarshe ne ya rikiɗe ya zama biki. Suna ce da shi zaman ƙoƙon kai, domin a kā su ke haddace waƙoƙinsu, ba sa riƙe takarda a fili. Dubban mutane su kan cika zauren don su saurara. In an gama, sai a yi maci zuwa filin wasa, jama'a na biye. A yi wasa kafin a fara ƙwallo, a yi babban wasa a hutun rabin lokaci, a tsakani kuma suna kan benci suna busa duk sa'ad da aka tsaya. A Jami'ar Wiskonsin ko an tashi wasa ba su gama ba. Su kan koma fili su yi abin da su ke kira kashi na 5, ko an ci ko ba a ci ba. Kafin ɗalibi ya tuɓe kayansa, sau da yawa ya yi awa 10 ko fiye a tsaye.

KUNNE NA IYA RUƊIN MUTUM

Ga wani abin mamaki da su ke koya. Sauti ba ya isa nan take. Yana tafiyar mita wajen 340 a daƙiƙa ɗaya. Filin kuwa ya kai mita 110 daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ashe ke nan busar wanda ya ke wancan gefe ba za ta iso wannan gefe ba sai bayan kusan sulusin daƙiƙa. A magana wannan ba kome ba ne, amma a kiɗa ya isa ya ɓata waƙa. Idan mai busa ya jira ya ji ɗan'uwansa na nesa kafin ya busa, to, ya makara, ko da a kunnensa daidai ya ke. Shi ya sa a ke da madugu, wanda ya ke hawa tsani a gaba yana kaɗa hannu. A kan koya wa waɗanda su ke nesa su zuba ido ga hannun nan, su bar abin da kunne ya ke gaya musu. Wannan ba ƙaramin horo ba ne ga saurayi ɗan shekara 18, a ce masa abin da ya ji da kunnensa ba shi zai bi ba.

A cikin rumfuna kuma wata wahalar ce dabam. A fili, cikin mutum 200 ko 300, kuskuren mutum ɗaya ya kan ɓuya. A bayan mota kuwa babu wurin ɓuya. Masu busa irin ƙahonka ba su fi uku ko huɗu ba, jama'a na tsaye dab da kai, janareto na ruri, hayaƙin nama na shiga hanci. Ka yi kuskure, kowa ya ji.

Jiki ma yana biyan nasa. Babban ƙahon nan da a ke saɓawa a kafaɗa, susafon, wanda aka sa wa sunan John Philip Sousa, shahararren shugaban badujala da ya rasu a 1932, na tagulla ya kan kai kilo 13 ko fiye. A jihohin kudu rana ta kan ƙwalle a Satumba, ga kaya masu kauri, har waɗansu su kan suma. A arewa kuma, cikin Nuwamba, sanyi ya kan sa muryar ƙaho ta yi ƙasa, maɓallansa su daskare, bakin ƙarfen ya yi wa leɓe ciwo, sai an sauya shi da na roba.

Horon nan in ya kwance, abin kunya ba ya da nisa. Ran 20 ga Nuwamba, 1982, Stanford tana gaban Jami'ar Kalifoniya da 20 da 19, saura daƙiƙa 4 a tashi. 'Yan badujalar Stanford su ka yi azarɓaɓi, su ka kwarara cikin fili suna murna, alhali ba a gama ba. 'Yan Kalifoniya su ka miƙa wa juna ƙwallo sau 5, na ƙarshensu ya ratsa ta tsakiyar masu busa, ya ci, ya kuma bangaje wani mai ƙaho ya faɗi. Aka tashi 25 da 20. Har yau a kan nuna hoton abin a talabijin.

ME SU KE SAMU?

Wasan ƙwallon jami'a kasuwa ce ta miliyoyin dala. Tun daga 2021 an yarda 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu, a 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyansu kai tsaye. Ɗan badujala fa? Yawancinsu ba su da albashi. Waɗansu makarantu su kan rage musu kuɗin karatu ko su ba su ɗan abin kashewa, waɗansu kuwa a kan lasafta musu shi kamar darasi ɗaya ne kawai. Da yawa cikinsu ba ma kiɗa su ka zo karanta ba. Akwai masu koyon aikin injiniya, da likita, da koyarwa. Neil Armstrong, wanda ya fara taka wata a 1969, ya yi busa a badujalar Purdue sa'ad da ya ke ɗalibi.

To, me ya ke riƙe su? Babban abu shi ne zumunci. Yaro ya baro gida ya shigo makarantar da ta ke da ɗalibai dubu 40 ko 50, bai san kowa ba. Kafin a soma karatu ya riga ya sami abokai ɗari, waɗanda za su lura in bai zo ba. Yana koyon zuwa a kan lokaci, da riƙe gurbinsa, da jin magana. Yana kuma koyon kamewa. Gama, kada mu ɓoye muku, giya tana gudana ƙwarai a liyafar nan, ko da ya ke dokar ƙasar ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 21 ba. Kafin a shiga fili waɗansu sun riga sun yi tilis. Yawancin ƙungiyoyin badujala kuwa sun hana 'yan'yansu sha muddin suna cikin kayan fareti. Kowa na annashuwa, su suna bakin aiki, kuma daga aikin nan nasu ne annashuwar ta ke samun armashi.

GWANAYEN KUDU

Ba za mu rufe labarin badujala ba sai mun ambaci jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata, a zamanin da jami'o'in farar fata na kudu su ka ƙi karɓarsu. A can, mutane da yawa don badujala su ke zuwa, ƙwallo ƙari ne. William Foster ya shugabanci badujalar Jami'ar Florida A&M daga 1946 zuwa 1998. Shi ne ya yi fice wajen haɗa maci mai ɗaga gwiwa da rawa da waƙoƙin zamani. A 1989 aka gayyace su birnin Faris don faretin cika shekara 200 da juyin mulkin Faransa. A birnin New Orleans kuma, tun 1974, jami'o'in Grambling da Southern su kan kara a ƙarshen Nuwamba, kuma a daren jajibere badujalolinsu su kan yi tasu gasar. A Fabrairun 2023 badujalar Jami'ar Jihar Tenesi ta ci lambar Grammy saboda faifan waƙoƙin bishara da ta yi. Ita ce badujalar jami'a ta farko da ta sami wannan lamba.

INDA ZUMUNCI YA ZAMA ZALUNCI

Amma kowane allazi da nasa amanu. A waɗansu ƙungiyoyi akwai wata muguwar al'ada ta ɓoye. Tsofaffin ɗalibai su kan ce sabo ba zai zama cikakken ɗan ƙungiya ba sai ya sha gwale-gwale, ko duka, ko an tilasta masa shan giya. Wanda aka yi wa bana, shi zai yi wa wani baɗi, kuma kowa ya kama bakinsa don kada a ce ya ci amanar 'yan'uwa.

Ran 19 ga Nuwamba, 2011, bayan wani wasa a birnin Orlando, aka sa Robert Champion, ɗaya daga cikin madugan badujalar Florida A&M, ya ratsa bas daga gaba zuwa baya, 'yan'uwansa na dukansa. Shekararsa 26. A daren nan ya rasu. Aka dakatar da ƙungiyar har 2013, shugaban jami'ar ya ajiye aiki, aka gurfanar da ɗalibai gaban shari'a, a 2015 aka ɗaure ɗaya daga cikinsu shekara 6 da 'yan watanni. A Disambar 2024 Amurka ta kafa doka wadda ta wajabta wa jami'o'i su riƙa bayyana irin waɗannan laifofi a fili.

Ku lura, masu karatu. Waɗanda su ka yi dukan nan ba baƙi ba ne. Abokansa ne, waɗanda su ka yi busa tare da shi da rana. Jin maganar da ya sa mutum 300 su ka iya taku ɗaya, shi ne kuma ya sa aka rasa mai cewa a bari. Yaron da ya koyi bin hannun madugu yana bukatar ya koyi wani abu kuma: ya san ranar da zai ce a'a, ko da shi kaɗai ne.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Ba kowane gida ne zai aika ɗa karatu Amurka ba. Amma kowane gida yana da yaron da wata rana zai shiga wata ƙungiya, ta kiɗa ko ta wasa ko ta makarantar kwana. Mu ƙarfafa shi ya shiga, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma akwai halin kirki da ba a koyonsa sai cikin sahu. Amma mu riƙa tambaya. Wa ke shugabanci? Yaya a ke karɓar sababbi? Akwai abin da aka ce kada ya faɗa a gida? In yaro ya dawo da tabo a jiki, ko ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba, kada mu ce ai haka a ke yi, kowa ya sha. Mu zaunar da shi mu ji, sa'an nan mu je mu ga shugabannin.

Na biyu kuma, duk inda aka yi biki akwai waɗanda su ke tsaye domin sauran su ji daɗi. Akwai mai kiɗa, da mai tuƙa tuwo, da mai ɗebo ruwa, da mai share wuri bayan an watse. A liyafar bayan mota, masu rumfa da yawa su kan miƙa wa 'yan badujala ruwan sanyi da abinci, waɗansu kuma su ba da gudummawa ga asusun ƙungiyar. Wannan hali ne mai kyau. Mu koya wa 'ya'yanmu, in an je biki, su dubi wanda bai zauna ba tun safe, su kai masa ruwa, su ce masa sannu da aiki.